Gyara

'Ya'yana, kun daɗe kuna faɗa a bayan idona cewa hassada ce ta hana ni taka gidan Baba Ishaya tun da littafinsa ya fito. Duk na ji. Yau zan amsa. Ba hassada ba ce, kishi ne. Mai hassada abin wani yake so. Mai kishi kuwa abinsa ya gani a hannun wani. 'Yar'uwarku Rifkatu ce ke riƙe da biro, ni ke magana, kuma na gaya mata abin da ya fito daga bakina shi za ta sa a takarda, ko a karkace ya fito.

Kun san masaƙar Kakuri ta cinye mini yatsu biyu na hannun hagu kafin ta rufe ƙofa. Kun san gidanmu na tsallaken kogi ya ƙone lokacin rikici, muka ƙetaro gada, uwarku da goyo, ni da Rifkatu a kafaɗa, muka sauka unguwar Romi da tukunya ɗaya. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba, kowa a layinmu yana da irin nasa. Na yi gadi, na tura baro, na haƙa rijiya. Da ƙarfi ya fara ja da baya na kafa kwantena a bakin titi, na sa tibi biyu da benci da janareta mai tari kamar tsoho, na buɗe shagon gem. Samari su zo su buga ƙwallo a tibi, su zagi juna, su tafi. Ni aikina duba agogo da raba faɗa. Ban taɓa riƙe hannun gem ba, abin nan mai maɓallai da ake latsawa. Na ɗauke shi kayan yara.

Wata shekara na sayi injin gem na hannu, na tarar da wani wasa a cikinsa wanda ban nema ba. Wasan 'yan fashin teku ne na zamanin da, lokacin da iska ke tura jirgi da manyan ƙyallaye, ana harbi da igwa, ana sara da takobi. Samari suka gwada suka watsar. Mutum ɗaya ke yin sa, ba a cin kowa, ba wanda za a yi wa dariya. Da hantsi kuwa shago ba kowa sai ni da ƙudaje. Ran nan na ɗauki hannun. Ban taɓa ganin teku ba, har gobe. Babban ruwan da na sani shi ne Kogin Kaduna in ya cika da damina. Amma da jirgin nan ya bar tasha, ruwa ya buɗe ba gaɓa ba gada, sai na ji ƙirjina ya yi faɗi. Na nutse, na sake nutsewa, aka harbe ni, aka rataye ni. A hankali yatsu takwas suka koyi aikin goma.

Mutanen ciki Turanci suke yi ta hanci, ba irin namu na kasuwa ba. Rubutu yana fitowa a ƙasan tibi yana wucewa, ni kuwa da rubutu sai kallo. To sai na yi yadda muke yi a masaƙa, inda ƙarar inji ba ta barin a ji magana, da ido ake hira. Na kalli fuska, na kalli hannu, na kalli wanda ya sunkuyar da kai da wanda ya juya baya. Da haka na haɗa labarin. Kyaftin ɗin yana da tabo daga gira zuwa kunci, na sa masa suna Mai Tabo. Na san wanda ya ci amanarsa tun kafin ya ci, don na ga yadda yake dariya. Na san dalilin da ya sa ba ya kwana a tudu.

Sannan ga matar. A kowane tsibiri da jirgi ya tsaya akwai shago a bakin ruwa inda ake sayen albarushi da harsashin igwa da katako. A kowane shago mace ɗaya ce. Jan ɗankwali, faffaɗar fuska, ba ta murmushi. Ka bar ta a nan, ka ratsa ruwa har rana ta faɗi a cikin wasan, ka isa wani gari mai wata tuta, ka shiga shago, ga ta a tsaye ta riga ka. Na ce a raina ba mai bin namiji a kan ruwa haka sai mutum ɗaya. Kuma lamba na iya karantawa, wannan ba a ƙwace mini ba. Wani lokaci in sayi albarushi, in ga abin da ya shiga jirgi ya fi abin da na saya. Gyara take yi masa. Ba ta cewa komai.

Da la'asar, in samari suna jiran layi, sai in kunna wasan a tibi na biyu in riƙa faɗa musu abin da ke faruwa. Tun suna dariyar tsoho da gem har suka fara barin ƙwallo suna juyo da benci. Suka sa mini Kyaftin. Cikinsu akwai Emma mai keken haya, wanda ba ya iya riƙe tambaya a baki.

"Kyaftin, wannan matar kuma? Ba ita muka bari a wancan garin ba?"

"Ita ce."

"Da wane jirgi ta riga mu? Ko ita ma keke take ja?"

"Uwa ba ta buƙatar jirgi."

"Uwar wa?"

"Uwar Mai Tabo. Bai sani ba."

"To ta faɗa masa mana, mu huta."

"Ba za ta faɗa ba."

"Don me?"

"Matsa, ka tare mini tibi."

Ishaya ƙanena ne, uba ɗaya. A ƙauye Baba ya ce ɗaya gona, ɗaya makaranta. Ni ne babba, fartanya ta faɗo kaina, na girma a gonar citta. Shi ya tafi makarantar mishan, ya zama malamin sakandare, ya samu gida a Barnawa mai fulawa a ƙofa. Ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Ba shi ya raba ba. Ran Lahadi bayan sujada a coci yakan biyo ya gaishe ni, ya shimfiɗa hankici a bakin benci kafin ya zauna. Da fari zuwa yake ya tsokane ni. Daga baya na lura ya daina duba agogonsa. Yana zaune, ina ba da labari, idonsa na bin rubutun ƙasan tibi, kunnensa na wajena. Sau ɗaya tak na tambaye shi abin da rubutun ke faɗi, lokacin da Mai Tabo ya tsaya gaban matar.

"Malam, me ta ce?"

"Cewa ta yi, sannu da zuwa, me za ka saya."

"Shi ke nan?"

Ya sake duban rubutun. "Shi ke nan, Yaya."

Na gamsu. Abin da ya kamata ta ce ke nan. Ban sake tambaya ba, shi ma bai ƙara komai ba.

Da ya zo ya ce zai mai da wasan littafi, don yaranmu ba su da labarin teku da Hausa, na ce ya yi. Har na ji daɗi. Na zaci labarin Turawan zai rubuta, na ainihi, wanda ke wucewa a ƙasan tibi, in samu mai karanta mini in ji inda na dace da inda na kauce. Aka yi damina biyu. Wata Asabar da yamma ina gyara fulogin janareta a tsakar gida, uwarku Saratu na tsintar wake, rediyo na gefenta, sai na ji mai karatu a rediyon ya ce Mai Tabo. Na ɗaga kai. Ya ci gaba. Ga wanda ya ci amana, ga dariyarsa. Ga dalilin da ya sa kyaftin ba ya kwana a tudu. Ga jan ɗankwali. Sai muryar wani mutum da ban taɓa gani ba ta ce, cikin sanyi, uwa ba ta buƙatar jirgi.

Saratu ta ajiye faifai. "Kai, Ishaya ya iya magana. Ka ji fa."

"Na ji."

"Wa zai ce namiji ya san wannan? Allah ya ba shi kai."

"Maganata ce."

"Wace?"

"Duka."

Ta dube ni, ta ɗauki faifanta. "Baban Rifkatu, kai da sai an yi kwana uku kafin ka ce abinci ya yi daɗi? In kana da irin wannan magana a ciki, ina ka ɓoye ta shekara da shekaru?"

Gaskiya ta faɗa. A gida ban taɓa yin ta ba.

Ya aiko mana da littafin. An zana jirgi a bango, da mutum mai tabo, tabon ma a kuncin da ba shi ba. Sunan Ishaya na gane, don harafinsa na farko tsaye yake kamar sanda. Na miƙa wa Rifkatu na ce ta duba ko akwai sunana, Bitrus, a wani wuri. Ta duba gaba, ta duba baya. Ta ce ya gode wa Allah, da matarsa, da shugaban makarantarsu, da 'yan uwa da abokan arziki.

"Kana cikin 'yan uwa, Baba."

"Har da akuyar gidansa tana ciki."

Daga nan abin ya fara ci na. A coci mata su tare ni, su ce yayan marubuci, ka gaishe mana da Malam, ya sa mu kuka. Mai shayin bakin titi ya fara kiran kansa Mai Tabo. Wata tsohuwa a kasuwar Romi ta ƙara mini tumatir ta ce, ga gyara irin ta littafin ƙanenka. Na mayar mata da shi. In rediyo ya fara karatun sai in fita, in je bayan gida, in tsaya inda zan ji. Ina jin yadda ya sa wa maganata riga da hula, ya ƙara mata karin magana, ya ba Mai Tabo dogon jawabi a kan jirgi, mutumin da na san ba ya haɗa kalma biyar. Kuma abin haushi, ya iya. Da bai iya ba da na samu sauƙi. Na riƙa kwana ina tashi da tunani ɗaya: ya samu makaranta, ya samu gida mai fulawa, ya samu uwa da ta gan shi ya yi furfura. Abu ɗaya na yi da kaina, da yatsu takwas, a cikin kwantena. Shi ma ya bi ta hannunsa ya fito da sunansa.

Samarin shago sun sani. Emma ya fi kowa zafi.

"Kyaftin, an yi maka fashi a tudu. Ranar ƙaddamarwa ka tashi ka faɗa. Mu ne shaidu."

"Ba ruwanka."

"In ba ka tashi ba ni zan tashi."

"Ka tashi ka nemi fasinja."

An yi ƙaddamarwar a zauren wani coci a Barnawa, da rana tsaka. Aka sa ni a babban tebur, aka ajiye mini lemo da kati mai rubutu a gabana. Na sa babbar rigar da na sa ranar bikin Rifkatu. Tun daga gida na shirya maganata. Gajera ce. Zan ce, wannan labari ni na gan shi, ƙanena ya rubuta. Ba na neman fiye da haka. Aka yi addu'a, aka yi waƙa, manya suka yi jawabi. Da aka ba jama'a dama sai ga Emma ya miƙe daga baya da rigar aikinsa.

"Malam, barka. Ni na san wasan nan. Matar shagon nan, uwar kyaftin, a ina ka samo ta?"

Ishaya ya gyara tabarau. Bai dubi inda nake ba.

"Tambaya mai kyau. Gaskiya a cikin wasan ba kowa ba ce. Ko suna ba ta da shi. Masu ƙirƙirar wasan ne suka yi ƙyuya, suka zana fuska ɗaya suka manna ta a kowane shago. Ƙarin kayan ma ba ita ke yi ba, wasan ne ke ba duk wanda ya kai wani mataki. Wani bawan Allah ne da ba ya jin Turancin ya ɗauka uwarsa ce ke bin sa. Ni kuma na ga kuskuren ya fi gaskiyar daɗi."

Zaure ya yi dariya. Ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya kira soja baba. Har tafi aka yi.

Ku fahimce ni. Har zuwa wannan lokaci ban sani ba. Na san ni na sa wa mutanen suna, na san ni na cike magana. Amma matar, na yi imani tana nan. Na zaci su ma masu ƙirƙirar wasan haka suka nufa, ni dai na gano ne ba tare da rubutu ba. A gaban mutum ɗari na ji cewa ƙyuya ce. Kuma Ishaya ya sani tun ranar da ya shimfiɗa hankici ya zauna. Yana karantawa, yana ji na, bai ce uffan ba.

Mai gabatarwa ya ce yanzu babban yaya zai sa albarka. Aka miƙo mini abin magana. Emma na can baya yana yi mini alama da hannu. Maganar da na shirya tana bakina. Amma yanzu in na ce ni na gan shi, na ce ni ne bawan Allahn da aka gama yi wa dariya. In na karɓi labarina, sai in karɓe shi a matsayin kuskuren jahili. In na bar shi, ya zama hikimar malami. Na dubi littafin a kan tebur.

"Takardar tana da kauri," na ce. "Allah ya sa a saya."

Na zauna. Aka tafa.

Ban tsaya cin shinkafa ba. Na hau keke zuwa Romi, na buɗe shago da babbar riga a jikina, na ta da janareta. Na kai jirgi tsibiri mafi kusa, na shiga shagon. Tana nan. Na fito na zaga garin a hankali, abin da ban taɓa yi ba, don kullum sauri nake in koma ruwa. Ga mai shara a bakin wata mashaya, fuskarta ce. Ga mai sayar da kifi, fuskarta ce, da koren ɗankwali. Ga biyu suna tafe tare, duk ita. Na kashe tibi. Tun ranar ban sake riƙe hannun gem ba. Samari suka yi ta naci, suka gaji, suka mai da benci wajen ƙwallo.

Lahadi ta zagayo, Ishaya ya zo. Bai shimfiɗa hankici ba.

"Yaya, ka tafi ba sallama."

"Na sa albarka."

"Ban ambaci sunanka ba don kada a yi maka dariya. Asiri na rufa maka."

"Ka rufe ni dai."

"In kana so, bugu na gaba in sa sunanka. A gaba ma, ba a baya ba."

"A matsayin wa? Mai labari ko mai kuskure?"

Sai ya ce, "Ka ji ƙarshen kuwa? Rediyo ba su kai ba tukuna. Yadda kake ba da shi, ba ta taɓa faɗa masa ba. Mutane ba za su ɗauki wannan ba, Yaya, ya yi nauyi. Na ɗan gyara."

"Ka gyara."

"Kaɗan."

"Tashi ka tafi, Malam. Zan rufe shago."

Rana tana tsaka, ya san ba na rufewa. Ya tafi. Daga ranar ban sake taka Barnawa ba. Bikin 'yarsa ku kuka je, ni na ce ƙafa na ciwo. Da Kirsimeti ya aiko da kaza, na ce a ba maƙwabta. Kun ga wannan duka, kuka yanke hukunci. Ga abin da ba ku gani ba, shi ma bai sani ba, uwarku ma sai yau za ta ji.

An gaya mini uwata ta mutu ina jariri. Da haka na tashi. Uwar Ishaya ta riƙe ni, ba ta cuce ni ba, ba ta kuma rungume ni ba. Ranar kasuwa ni ake aika sayen gishiri da daddawa a garin da ke gaba da namu. Akwai wata mai daddawa a ƙarƙashin ɗorawa, faffaɗar fuska, ba ta murmushi. Kullum maganarta ɗaya: yaro, me za ka saya. In faɗa, ta auna, sannan ta ƙara. Gyararta ta fi abin da na saya. Wani lokaci ta tura ƙuli-ƙuli a aljihuna ba ta dube ni ba. Da aka ta da kasuwar aka mai da ita bakin titi, na same ta a can. Da na fara kai citta wata kasuwa mai nisa, na ɗaga kai, ga ta da tirenta. Na ɗauka sa'a ce. Har na riƙa yi wa abokaina alfahari cewa na iya ciniki. Ina masaƙa, da gemuna, goggona ta zo Kaduna jinya, ta ce mini a bakin gadon asibiti:

"Mai daddawan nan ta rasu. Ya kamata ka je gaisuwa."

"Me ya haɗa ni da ita?"

"Ita ta haife ka."

Goggo ta ce uwata sun rabu da Baba da faɗa, ya rantse in ta buɗe baki ta gaya mini, zai kai ni inda ba za ta sake gani na ba. Sai ta zaɓi gani a kan faɗa. Na je gaisuwa. Na zauna cikin baƙi, aka ba ni kunu a matsayin tsohon mai ciniki. Na sha kunun. Ko sunanta a bakin mai wa'azi na fara ji.

To wannan ita ce matar da Ishaya ya ce ƙyuya ce. Bai yi ƙarya ba. Ni ma ban yi ba.

Bayan zuwan nan na Ishaya da 'yan watanni, wata rana da yamma ruwa ya hana kowa fita, na ce wa Rifkatu ta ɗauko littafin ta karanta mini babin ƙarshe. Ina so in ji ɓarnar da kunnena. Ta tuna, tana nan zaune. A ciki Mai Tabo ya dawo da rauni, jirginsa ya ƙone, ya shiga shagon ba shi da abin saye. Matar ta ce, me za ka saya. Ya ce ba komai. Ta auna masa duk da haka. Ya riƙe hannunta ya ce, baiwar Allah, me ya sa kike yi mini haka tun ina saurayi. Ita kuma ta cire jan ɗankwalin ta ɗaure masa raunin, ta ce, ni na haife ka.

"Ƙarya ne," na ce. "Ba sa faɗa."

"Labari ne, Baba."

"Kuma shi ba ya tambaya. Ba ya zuwa masa a rai ya tambaya. Yana ɗauka ya iya ciniki ne."

Rifkatu ta rufe littafin. Ruwa na dukan kwano.

"Sake karantawa."

"Daga ina?"

"Daga inda ya riƙe hannunta."

Ta sake. Na ce ta sake. Ba ta tambaye ni dalili ba, shi ya sa ita na zaɓa ta riƙe biro yau. A ranar na gane kishin ya canza wuri. Ishaya ya ɗauki labarina, wannan ciwo ne, amma irin wanda namiji ke ɗauka. Wanda ban iya ɗauka ba shi ne Mai Tabo. Ɗan fashi, zanen tibi, mutumin da ni na raɗa wa suna. Ƙanena ya zauna a gidansa mai fulawa, da biro, cikin rabin shafi, ya ba shi abin da na yi shekaru ina tsaye gaban tire ban samu ba. An faɗa masa. Ya ji da kunnensa tana da rai. Ni kunu aka ba ni. Har yau in na tuna mutumin nan sai in ji kamar in shiga littafin in ture shi in tsaya a wurin.

Littafin yana ƙarƙashin matashina, kun sha gani kuka ɗauka mantuwa ce. Ba na iya karanta shi. Na san shafin da yatsa, ya fi sauran laushi.

Yanzu an ce idon Ishaya ya yi yana, ya bar koyarwa, shi ma sai an karanta masa. To mun zama ɗaya. Rifkatu, in kin gama ki hau keke ki je Barnawa, ki zauna kusa da shi ki karanta masa wannan daga farko, da ƙarfi, don kunnen ma na ji ya fara nauyi. Ki ce masa ba na son sunana a bugu na gaba. Ki ce ran Lahadi bencin yana nan, ya zo da hankicinsa. Na san shi, kafin ki kai rabi zai ɗaga hannu ya ce wannan wurin ya yi nauyi, a ɗan gyara. Kada ki ba shi biro. Ki ce masa Yaya ya ce mai gyara ɗaya ya sani, kuma ta mutu.